Allo a Bayan Katanga

(Kiɗan buɗe shiri, ya lafa a hankali)

Ina gaishe da mutanen Jega da Aliero da Maiyama, da na Sarandosa da Gubba da Sambawa da Mungadi, da duk wanda muryar nan ta iske, ko yana zaune a zaure, ko ya rataye rediyonsa a reshen bishiya yana ban ruwan albasa.

Yau zancenmu a kan yaran da ba a cika son ambatonsu a taron suna ko na ɗaurin aure ba ne. Idan aka tambayi uwar ina wane, sai ta gyara mayafi ta ce ya yi tafiya. Kowa ya san tafiyar, kowa ya yi shiru. Yaron yana can a bayan katanga, ko an yanke masa hukunci, ko yana jiran ranar da alƙali zai sake kiran sunansa. Wani satar waya ce ta kai shi, wani faɗa ne a wurin kallon ƙwallo, wani ƙwaya, wani kuma kamen kan mai uwa da wabi ne ya rutsa da shi. Laifi da rashinsa aikin kotu ne, ba shi ya tara mu ba. Tambayata a yau guda ce: watannin nan da yake zaune, daga asuba zuwa la'asar ba noma ba kasuwa, me ake zuba masa a kai? Domin kai ba ya zama fanko. In ba a koya masa karatu ba, akwai waɗanda suka riga shi shiga da za su koya masa abin da suka iya.

Bari mu fara da abin da doka ta ce, don kada wani ya ɗauka alfarma ake roƙo. A shekarar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya wa hukumar gidajen yari suna, ta koma Hukumar Gyaran Hali. Dokar ta ɗora wa hukumar nauyin samar wa ɗaurarru ilimi da sana'a. Ta kuma ce kada a haɗa ƙananan masu laifi da manya a gida ɗaya, a gina musu nasu gidajen horon a kowace jiha, na maza daban, na mata daban. Irin waɗannan gidaje ana ce musu Bostal. Sunan wani ƙauye ne a Ingila inda aka fara gwada tsarin a 1902, mu kuma muka gada, muka yi masa doka a 1962. Shekara da shekaru guda uku aka sani a duk faɗin Najeriya: na Kakuri a Kaduna, da na Ilori, da na Abeokuta. To ka auna tafiyar da ke tsakanin Sarandosa da Kaduna, ka auna kuɗin mota, sannan ka gaya mini sau nawa tsohuwa za ta je duba jikanta. A nan jiharmu gidajen gyaran halin da aka fi sani su ne na Birnin Kebbi da Argungu da Zuru da Yauri, kuma duk wanda ya taɓa leƙa irin waɗannan gidaje a ko'ina cikin ƙasar nan ya san samari ne suka fi cika su. Tun 2023 da aka yi wa tsarin mulki gyara, jihohi ma suna da ikon kafa nasu gidajen. Uzurin a ce wannan harkar Abuja ce ya ragu ke nan.

A duniya ma haka abin yake. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela, sun ce koyar da matasan fursunoni da waɗanda ba su iya karatu ba wajibi ne. Wannan a takarda ke nan. Yanzu mu shiga aji.

Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, kuma bayan na ajiye alli wani aminina ya ja ni zuwa wani gidan tsare matasa, wai in riƙa ba su karatu sau biyu a mako. Ba zan faɗi gidan ba. Ranar farko na je da fahariyata ta tsohon malami, na rungumi littafin aji ɗaya na Turanci, na tsaya gaban samari ashirin da wani abu, wasu har gemu ya fara tsiro musu. Na rubuta haruffa a allo, na ce su bi ni. Biyar suka bi ni don kunya. Sauran suka zuba mini ido. Wani ya kwantar da kai a gwiwa. Can daga baya wani dogo, baƙi, mai tabo a gira, ya ce, “Malam, mu hwa ba ɗiyan goye ba na.” Aka kwashe da dariya, har gandiroban da ke bakin ƙofa ya juya baya yana murmushi.

Na koma gida raina a ɓace, na ce yaran nan ba sa son karatu. Sai da na kwana biyu ina juya maganar na gane gaskiyar yaron. Na ɗauki mutumin da ya ci kasuwa, ya yi dako, ya yi acaba, ya ciyar da ƙannensa, na tsayar da shi a matsayin ɗan shekara shida, a gaban abokan da zai kwana da su a ɗaki ɗaya. A wurin da mutum ba shi da komai sai ɗan guntun mutuncinsa, na zo da littafi mai hoton ƙwallo da kyanwa ina neman in karɓe wannan guntun ma.

Da na koma, littafin na bari a gida. Na zauna a kan benci na ce, “Wa ya taɓa aikin albasa a nan?” Hannuwa suka tashi, har da na dogon nan. Ashe ɗan yankinmu ne, ya yi shekara uku yana ɗinkin buhu da lodi a Aliero. Na ce masa, “To ɗana, ga buhu bakwai, kowanne dubu talatin da takwas. Dillali zai cire la'adar ɗari biyar a kan kowane buhu. Nawa mai kaya zai sa a aljihu?” Bai nemi alli ba. Ya ɗaga ido sama, leɓensa yana motsi, ya ce, “Dubu ɗari biyu da sittin da biyu da ɗari biyar.” Ni da na yi shekaru ina koyar da lissafi sai da na duƙa na rubuta kafin na tabbatar. Na ce yaya ka yi? Ya ce, “Na mai da shi arba'in-arba'in, ya zama ɗari biyu da tamanin. Na ɗebe bibbiyu sau bakwai, sha huɗu, saura ɗari biyu da sittin da shida. Na hidda na dillali, uku da rabi.”

Masu saurare, wannan ninkawa ce da ɗebewa da kintace a lokaci guda, kuma da yawa daga masu takardar sakandare ba za su yi shi da ka ba. Sai na miƙa masa alli na ce rubuta mini dubu ɗaya da hamsin. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya rubuta ɗaya da sifiri uku, ya manna biyar da sifiri a gaba. Abin da ya rubuta ya zama dubu ɗari da hamsin. Ya rubuta yadda kunnensa ya ji ne: dubu ɗaya, ga ta, hamsin, ga ta.

A nan na ga inda ramin yake. Yaron ya iya lissafi. Abin da ya rasa shi ne sanin cewa a rubuce kowace lamba darajarta tana ga gurbin da ta zauna. Ramin ƙarami ne, amma a cikinsa ake cutar mutanenmu kullum, wajen mai POS, wajen saƙon banki da ke shigowa waya, wajen takardar bashin taki. Wanda bai bambance dubu biyar da dubu hamsin a rubuce ba, dukiyarsa tana hannun imanin wanda ya karanta masa.

Da tsinken tsintsiya muka cike ramin. Muka karya tsinkaye, muka ɗaure goma-goma da zare, ɗauri goma kuma muka haɗe su dami guda. Na ja layi uku a ƙasa da gawayi: gidan ɗaiɗai, gidan gomomi, gidan ɗaruruwa. Doka ɗaya ce, gida ba ya ɗaukar fiye da tara, in sun cika goma a ɗaure su su ƙaura gidan gaba. Sifiri kuwa muka ce mai gadi ne, yana zaune a gidan da babu kowa don kada maƙwabci ya shigo. Wannan suna na mai gadi ya kama su ƙwarai, kun san dalili. Cikin mako biyu dogon nan yana rubuta farashin buhu ba kuskure, yana ma gyara wa wasu. Daga nan muka shiga lissafin adashe, da na mudu nawa ke cikin buhu, da na kuɗin da a bakin kasuwa ake ce wa jikka biyar amma a takarda dubu ɗaya ne. Lissafin da suka fi ƙauna, kuma ni ya fi sosa mini rai, shi ne na kalanda: yau wata nawa, an ɗage shari'a zuwa wata nawa, kwana nawa ya rage.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan koyar da karatu da lissafi ga matasan da ke tsare.

Karatu kuma fa? Abu na farko, da Hausa za a fara. Na san akwai mai cewa ai Turanci ne harshen jarrabawa da na kotu. Gaskiya ne, kuma za a je can. Amma mutum sau ɗaya yake koyon yadda rubutu ke zama magana, kuma ya fi saurin kama wannan da harshen da yake mafarki da shi. Hausa ta yi mana gata a nan: yadda ka ji, kusan haka za ka rubuta. Wasula biyar ne, ka jingina su da baƙi ka sami gaɓa. Iyayenmu da suka shiga ajin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950 ta wannan hanya suka bi, har suka kai ga karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo da kansu. Shirin Mu Karanta da aka yi a makarantun firamare na Sakkwato da Bauchi shi ma a kan wannan turba ya tafi.

Na rubuta gaɓoɓi shida a gutsattsarin kwali: ba, ka, ma, sa, ta, la. Na watsa su a tabarma na ce kowa ya haɗa biyu ya ga ko za su yi magana. Wani ya haɗa baba. Wani kaka. Wani masa, aka ce a kawo da miya. Wani tasa. Sai wani ƙaramin cikinsu, mai shiru-shiru, ya juya tasar nan, ya sa sa a gaba, ta a baya, ya tsura mata ido, ya ce a hankali, “Sata.” Ɗakin ya ɗauki ihu. Wani ya ce, “Ka ga gwani ya gane hajarsa!” Shi kansa yaron dariya yake har da hawaye. Amma ni abin da na gani daban ne: a karon farko a rayuwarsa ya karanta kalmar da ba wanda ya faɗa masa. Daga ranar ba a sake kwantar da kai a gwiwa ba.

Kalmomin da suka nema da kansu su muka bi. Kowa sunansa da na mahaifinsa da na garinsu, domin ba abin da ke ci musu rai kamar a kama yatsansu a dangwala a takardar da ba su san abin da ke cikinta ba. Sai beli, sai kotu, sai lauya, sai shaida. Haruffa masu lanƙwasa ma ta nan suka shigo. Na rubuta kara na rubuta ƙara, na ce ɗaya a gona ake samunsa, ɗaya ita ta kawo ku nan, ku nuna mini wacce ce wacce. Ba wanda ya sake mance ƙugiyar da ke kan harafin.

Akwai wata dukiya kuma da malaman boko muke tsallakewa. Fiye da rabin ajin nan sun yi makarantar allo. Sun wuce babbaƙu, sun wuce farfaru, wasu sun yi nisa a izu. A rajista an rubuta ba su iya karatu ba, alhali suna iya karanta ajamin da ke jikin takardar naira ɗari biyar. Wanda ya san cewa alama a kan allo sauti take wakilta, kuma wasali yana juya baƙi, ya riga ya haye kogin da ya fi faɗi. Abin da ya rage a nuna masa cewa wannan rubutun daga hagu yake tasowa, kuma wasulansa a cikin layi suke zama, ba a sama ko ƙasa ba. Na riƙa rubuta kalma da ajami, in rubuta ta da boko a ƙarƙashi. Almajiran nan suka zama 'yan gaban aji. A ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya yi ta rubuce-rubuce, abin kunya ne a ce wai sai mun manta da ajami kafin mu koyar da boko.

Yanzu ga matsalar da ta bambanta wannan aji da kowane aji. A makaranta ka san ɗalibinka naka ne har ƙarshen zango. A can ba ka sani ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen gyaran halin Najeriya jiran shari'a suke. Yau kana da yaro, jibi an ba da belinsa, ko an mayar da shi wani gida, ko an fita da shi kotu tun safe. Wani zai yi mako uku, wani shekara uku, kuma ba wanda ya san wanne ne wanne. Sabbi kuma suna shigowa kowane mako. Manhajar da aka tsara ta wata tara ba ta da amfani a nan. Dole kowane zama ya zama cikakke da kansa, yaro ya tashi da abu ɗaya a hannu wanda ko gobe aka sake shi ya tafi da shi: yau sunansa, gobe lambar wayar gidansu, jibi karanta kwanan wata.

Kuma ranar da yaro ya shigo ya kamata a gwada shi, shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba. Minti biyar sun isa. A nuna masa haruffa, in ya wuce a nuna masa kalmomi, in ya wuce a ba shi gajeren sakin layi, in ya wuce a ba shi labari. Inda ya tsaya, nan ne rukuninsa, ko shekarunsa nawa, ko aji nawa ya ce ya gama. Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ce ta shahara da wannan tsari na koyar da yaro daidai inda fahimtarsa ta tsaya, kuma an gwada shi a makarantun Wudil da Dawakin Tofa a Jihar Kano. Don 'yan firamare aka yi shi, amma ban ga inda ya fi dacewa da shi kamar bayan katanga ba, inda za ka tarar da wanda bai taɓa riƙe fensir ba yana zaune kusa da wanda ya bar aji biyar na sakandare.

To wa zai koyar da rukuni huɗu a lokaci guda, malami kuwa ɗaya ne, shi ma sau biyu a mako? Amsar tana cikin ɗakin. A Ingila akwai wata ƙungiya, Shannon Trust, da aka kafa a 1997, wadda aikinta shi ne horar da fursunan da ya iya karatu ya koya wa wanda bai iya ba, mutum ɗaya da mutum ɗaya, kamar minti ashirin a rana. Mu ba sai mun je Ingila neman hujja ba. Malaman tarihi sun ruwaito cewa bayan yaƙin Badar, fursunonin da ba su da abin fansa amma sun iya rubutu, an sa kowannensu ya koya wa yaran Madina goma, wannan ya zama fansarsa. Nana Asma'u kuma ta hannun jaji, matan da take aikawa su koyar, ta isar da karatu ga matan ƙauyukan da ƙafarta ba ta taka ba. A ajina wani ɗan sakandare, wanda da farko yake zaune a gefe yana hura hanci, shi na ba mutum uku. Ran da na ji ɗaya daga cikinsu ya kira shi Malam, na ga yadda ya gyara tsayuwa. Ban san wanda ya fi amfana tsakaninsa da ɗalibansa ba. Kuma karatun ya daina jiran zuwana. Ana yinsa da hantsi, ana yinsa bayan an kulle ɗaki, da gawayi a kan siminti.

Kada in sa ku ɗauka abin sauƙi ne. Yaron da jikinsa ke neman ƙwayar da ya saba ba ya iya zama minti arba'in, don haka gara a yi zama gajere sau biyu. Wanda cikinsa ke kuka bai san ba da ta ba. Wanda aka ɗage shari'arsa jiya, yau ka bar shi kawai ya zauna kusa. Akwai wanda muka yi wata biyu yana juya harafi, ashe ido ne, allon ne ba ya gani. Akwai ranakun da na zo aka ce yau ba fita, ana ƙidaya. An taɓa karɓe mana fensira duka saboda wani ya fere nasa ya yi tsini. Na ji haushi a lokacin, amma gandiroba ma yana da tasa gaskiyar, shi za a tambaya in wani abu ya faru. Muka daidaita: a ƙirga fensir a shiga, a ƙirga a fita, kuma ɗalibai ne ke ƙirgawa su rubuta adadin. Shi ma ya zama darasi.

Bulala kuwa ban yarda ta shiga ajin ba, ko ta wasa. Kun tuna abin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutum sama da ɗari uku daga wani gidan mari, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa, sannan aka sake samun irinsa a Daura wata guda bayan nan. Iyaye ne suka kai 'ya'yansu da hannunsu, suna biyan kuɗi, da niyyar a gyara musu su. Yaron da ya iso hannun hukuma ya riga ya sha duka iri-iri, a gida, a titi, wajen kamu. Da duka yana koyar da karatu, da tuni ya zama alaramma.

Wani zai ce, malam, 'ya'yanmu na kirki ma ba su sami malamai ba, sai ɓarayi? Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma yaron nan fitowa zai yi, kuma ba Kaduna ko Legas zai nufa ba, layinku zai dawo. A Amurka wata cibiyar bincike mai suna RAND ta tattara nazarce-nazarce masu yawa a 2013, ta gano cewa fursunonin da suka shiga karatu a tsare, yiwuwar komawarsu kurkuku ta yi ƙasa da ta waɗanda ba su shiga ba da kashi 43 cikin 100. Can Amurka ce, kuma manya aka auna, don haka ba zan ce haka lissafin zai fito a Kebbi ba. Amma hankali ma ya isa ya nuna cewa wanda ya fito ya iya rubuta cinikin shago ya fi samun mai ɗaukarsa. A ƙasar nan akwai fursunonin da suka zauna jarrabawar NECO da WAEC a tsare, akwai waɗanda suka yi digiri a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ba tare da biyan kuɗin makaranta ba. Ana ɗaukar hotonsu da hular digiri, kuma sun cancanta. Damuwata ita ce na ƙasan tsani, wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba, shi ba mai zuwa ɗaukar hotonsa.

Ranar fita ma tana da nata aikin. Ya kamata yaro ya fita da 'yar takarda mai nuna inda ya kai a karatu da lissafi, don ajin yaƙi da jahilci ko islamiyyar dare ta garinsu ta ɗora daga nan. Ƙa'idojin Havana na 1990, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi musamman don yaran da ke tsare, sun yi wata hikima: sun ce takardar shaidar karatun da aka ba yaro kada ta nuna a tsare ya same ta. Wanda ya rubuta wannan ya san halin mutane.

Masu hali a cikinmu sukan je da azumi su biya wa ɗaurarru tara, Allah ya saka musu. Ina roƙon a ƙara kwalin alli da dozin biyu na littafin rubutu a kan buhun shinkafar da ake kai musu. Tsofaffin malamai irina da ke zaune a gindin bishiya muna jiran fansho, da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, da na jami'ar da ke Aliero, wanda duk zai iya ba da awa biyu a mako ya je ya ga shugaban gidan da ya fi kusa da shi, ya nemi izini ta hanyar da ta dace. 'Yan mata da ke tsare ba su da yawa, shi ya sa aka fi mance su, su kuma malamai mata suke buƙata.

Dogon nan mai tabo a gira ya yi wata biyar tare da ni. Wata ranar Talata ya jira kowa ya fita, ya zaro wata takarda da ya yage daga littafinsa, ya ninke ta huɗu. Ya ce, “Baba, in kana da mai zuwa wajenmu.” Ranar ce ya fara ce mini baba. Na ce in duba? Ya ce in duba. Layi huɗu ne, ba aya ba waƙafi, wasu kalmomin sun manne da juna. Ya gaida innarsa, ya ce yana lafiya, ya ce ranar sha bakwai ga wata za a koma kotu, kuma kada ta sayar da akuyar don kuɗin mota, kawunsa kaɗai ya zo ya isa. Ya rubuta 17 daidai, ɗaya a gidan gomomi. Na ba wani direban da ke bin hanyar Maiyama. Da na dawo mako na sama aka ce an mayar da shi wani gidan, littafinsa yana hannun ƙaramin nan mai shiru-shiru, ya ci gaba daga shafin da aka yage.

Lokacinmu ya cika. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko zancen beli: wa ke da ikon tsayawa wa yaro, da abin da doka ta ce game da kuɗin da ake nema a hannun iyaye.

(Kiɗan rufe shiri)